Furenki da Ciyawar Kaka

Ƙanwata,

Zan fita aiki kafin ki dawo. Kada gabanki ya faɗi in kin ga tukunyar furenki a bayan ƙofa, ni na mayar da ita inuwa.

Da safe Kaka ta ce bari ta cire miki ciyawa, furen ya samu ya sha iska. Kin dai san idonta. Sai ta tuge ɗan furen dajin nan naki, ta bar ciyawar a tsaye. A kwandon shara na tsince shi, Allah ya sa saiwar ba ta tsinke ba. Na mayar da shi cikin ƙasarsa mai tsakuwa, na yayyafa ruwa kaɗan. Furanni ukun da ba su buɗe ba suna nan.

Na san shekara biyu kina jiran ki ga shuɗin nan. Ki yi haƙuri.

Kaka ba ta san abin da ya faru ba. Har kirana ta yi, tana murna: "Zo ka ga yadda furen jikata ya miƙe." Ciyawar take nufi.

Don Allah ki bar mata ita a tukunyar har naki ya buɗe.

Yayanki