Sunan Kawu Ya Kashe Manhajata

Daren Laraba, unguwar Maamobi

Ni, mai digirin kimiyyar kwamfuta, yau na kunyata a shagon Kawu. Manhajar rasit da na rubuta masa tana karanta sunansa daga fayil ɗin saituna, kuma gurbin haruffa ashirin kacal na ware wa sunan. Kawu ya dage sai an saka Alhaji, da sarautarsa ta Zango, da sunan kakansa. Sunan ya malala kan wasu bayanai, manhajar ta mutu a gaban masu saye.

Na nemi a taƙaita.

"Ɗana, kakana zan yanke saboda na'urarka? Gyara kafin jibi, ko in koma biro."

Na faɗaɗa gurbin, amma barci ya gagara: an ce bayan Sallah za a ƙara masa sarauta.