An Yi Wa Tasalla Sallar Ga'ib Tana Raye

Kazaure

Zuwa ga ƙanena Sama'ilu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Na ƙi kiranka ta waya da gangan, domin maganar waya ba ta zama shaida.

Jiya wata mata mai suna Christy ta yi sallama a gidana. Ta ce ƙanwarmu Tasalla tana raye. A can ƙasar bakin teku da Tasalla ta je sayar da abinci aka yanke musu hukunci tare, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa wani tsibiri inda fursunoni mata ke kwasar gishiri. An saki Christy, Tasalla tana can. Har tabon ƙunar da ke gwiwar hannunta ta kwatanta mini daidai.

Kai ka ce mana jirgi ya nutse da ita. Ni na tsaya a sahun farko aka yi mata sallar ga'ib. Ina buƙatar bayani a rubuce, ba ta bakin ɗan acaɓa ba.

Yayanka,
Daudu, tsohon jami'in ilimi

Roni

Yaya,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Takardarka ta iso, har na ɗauka sammaci ne.

Eh, na sani. To me kake so in ce wa mutanen Roni? In ce 'yar gidanmu tana ɗaure? 'Yarta Khairiyya a hannuna take, kullum sai ta ratsa kasuwa za ta makaranta. Marainiya kowa tausayinta yake, 'yar fursuna kuwa da baki za a riƙa nuna ta. Liman ya yi addu'a, an raba gumba, an cinye. Ta ina za a dawo da gumbar da aka cinye? Don Allah Yaya ka bar maganar nan ta kwanta.

Allah ya ƙara girma.
Sama'ilu

Kazaure

Sama'ilu,

Na gaishe ka, domin haka tarbiyya ta tanada.

Ba ka tambayi laifinta ba, bari in sanar da kai. Wani ma'aikaci ne ya yi fatali da tukunyarta saboda ba ta da takardar izini, ita kuwa ta kwaɗa masa ludayi. Saboda ludayi aka ɗaure ta ƙafa da ƙafa da wata mace, aka saukar da su ƙasan jirgi inda ake loda buhuna, babu taga, ana amai a kan juna. Christy ta ce Tasalla ta riƙa ƙwanƙwasa bangon jirgin tana tambayar ina gabas, masu gadi suna dariya. Ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Kazaure ba sai da ta bar gida.

Alƙalin can baƙo ne, amma ya sa mata ranar fita. Kai da kuka sha nono ɗaya ba ka bar mata ranar dawowa ba. In ta fito, wace ƙofa za ta shiga? Mutane su watse su ce fatalwa?

Ka ce ba a dawo da gumba. Za a daka wata. Ranar Juma'a bayan an sakko masallaci zan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan da na karɓi gaisuwa. Duk wanda ya ce mini Allah ya jiƙanta, zan mayar masa da gaisuwarsa, in gaya masa inda take da abin da ya kai ta. Ka faɗa wa yarinyar kafin in iso. Kada ta ji a bakin tabarma.

Ka huta lafiya, in za ka iya.
Daudu

Roni

Kawu Daudu,

Ina gaishe ka da ladabi. Kawu Sama'ilu ya faɗa mini, yana ta kuka, ya ce shi ba zai iya fitowa ba. Ni zan daka gumbar, kuma zan zauna kusa da kai, duk mai nuna ni ya nuna. Na bi gidajen da aka kai zannuwan Inna sadaka na karɓo, saura ɗaya.

Abu ɗaya nake roƙo. Tun bara addu'ar mamata nake yi mata. Ka rubuto mini wadda ake yi wa wanda ake jira.

'Yarka,
Khairiyya