Ƙwayar da Ta Shiga Ta Yi Zamanta

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Baba? Ya 'yata, tana cin abinci kuwa? Ni lafiyata lau, barci ne dai ya yi ƙaranci.

Kin tuna ƙwayar bairos ɗin da na tsamo daga ruwan kwata, wadda na ci buri za ta cinye ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da ƙafar Baba? An gama karanta DNA ɗinta a ɗakin bincikenmu. Ashe ba mai kisa ba ce. Idan ta shiga ƙwayar cuta, sai ta ɗinke zaren halittarta a jikin na ƙwayar, ta yi zamanta lafiya lau. Malamina ya ce in sake nemo wata. Don haka dawowata gida bana kam babu.

Kaico, Yaya. Saboda wannan na bar yarinya tana rarrafe.

A turo min hotonta. Kuma ran nan a waya na ji ta kira ki Mama, kika yi saurin gyara mata. Don Allah ki daina gyara mata.

Allah ya saka miki da alheri.

Ƙanwarki