Mai Keke Bai Hau Tudu Ba

Zuwa ga Malamin Lissafi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ina neman afuwa bisa damunka da zan yi, alhali na san ayyuka sun yi maka yawa.

Ni ne mahaifin Auta. A jarrabawar gwaji an ba su zanen tafiyar wani mai keke: layi ya hau sama, sannan ya miƙe a kwance. Ta rubuta cewa mutumin ya hau tudu, ya fita fili. Ka soke amsar da jan biro. Ni na koya mata haka, daga wata ƙasidar karatun taswira da nake ajiye da ita a shagona.

Ba makin ne ya dame ni ba. Da, kullum ta taso sai ta shimfiɗa littafinta a teburin aikina mu duba tare. Yanzu ta daina. Na tambaye ta, ta ce, "Baba, ai ba a ba mu komai ba." Ina tsoron ta raina ni ne.

Na gode. Ka huta lafiya.
Mai gyaran agogo

*

Baban Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Wannan zanen ba taswira ba ne, nisa da lokaci yake nunawa. Inda layin ya kwanta, mai keken tsayawa ya yi. Rabin ajin ma tudun suka hau!

Raini kuwa babu shi. Da na gyara musu, Auta ta miƙe ta ce, "Malam, Babana ba ya kuskure." Aji ya kwashe da dariya, har suna kiranta Gimbiyar Tudu. Bayan an tashi ta dawo, ta gane zanen tsaf, ta ce, "Don Allah kada Baba ya ji, ransa zai ɓaci."

Ka gaida gida.
Malam

*

Malam,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso, na karanta a tsanake. Ina roƙon abu uku:

1. Kada Auta ta san mun yi wasiƙa.
2. Ka tsawatar a kan sunan nan, amma ba a gabanta ba.
3. Ka ba ajin duka aikin gida: kowa ya koya wa wani babba a gidansu karanta irin wannan zane. Zan share teburin in jira ta.

Ina sauraron amsarka a rubuce.
Mai gyaran agogo