Sunana a Bayan Faifanka

Tehran, farkon hunturu, shekarar 2000.

Zuwa ga ƙanena Ardalan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Kawu Hushang da iyalinsa, ya kare ku daga sanyin Toronto da muke jin labarinsa, ya sa albarka a karatunka da ɗan aikin da kake yi a shagon kayan kiɗa. Mu nan sai godiya. Gwiwar Mama ta yi sauƙi tun da aka canja mata magani, har ta koma hawa bene da kanta tana shanya. Rumman ɗin tsakar gida ya yi 'ya'ya bana fiye da bara, ta dafa naka rabon ya yi kauri, yana cikin kwalbar da ta naɗe da tsohuwar rigarka. Siyamak mai buga mana ganga ya samu aiki a maɗaba'a, matarsa kuma ta sauka lafiya, an samu mace. Ban kai wannan takarda gidan waya ba. Gwaggo Mahin ce za ta kawo maka ita a jakarta tsakanin busasshen lemon tsami da ganyen shayi, kuma in ka karanta za ka gane dalili.

Ardalan, raina a ɓace yake da kai, ɓacin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ka. Ranar Juma'ar da ka bugo waya kana ta zuba kamar kanya, ni kuma ina ta cewa to, to, madalla, ka ɗauka murna ce ta hana ni magana. Ba murna ba ce. Wayar gidan nan ba wurin da zan buɗe baki ba ce, don ba a san mai saurare ba, ka sani sarai, amma shekara ɗaya da rabi a can ta isa ka manta da yadda muke rayuwa.

Bari in tuna maka, tun da mantuwa ta zama sana'arka. Mun yi waƙoƙin nan a ɗakin ƙasa, ni da kai da Siyamak, bayan mun manne bango da kwalayen ƙwai mun rataye tsofaffin dardumai a ƙofa, kuma ba ma kaɗa jita sai ranar da maƙwabcinmu ya tafi gonarsa. Kwalaben kayan lambun da Mama ta jiƙa a ruwan tsami suna ta kaɗawa a kan kanta duk lokacin da Siyamak ya doki ganga, har muka haƙura muka bar ƙararsu a ciki. Na rera ne don mu, da abokai kaɗan da muka yarda da su, tun da dokar ƙasar nan ta hana mace rera waƙa ita kaɗai maza su ji. Ranar tafiyarka, ina riƙe da Alƙur'ani a bakin ƙofa za ka wuce ta ƙarƙashinsa, Mama na tsaye da kwanon ruwan da za ta zuba a bayanka kamar yadda muke yi wa matafiyi, na ce maka ka yi duk abin da ka ga dama da kaset ɗin da muka ɗauki waƙoƙin, amma sunana kada ya fito ko a gefen takarda. Ka ce haba Yaya, kin ɗauke ni yaro ne? Ka sumbaci Littafin ka wuce.

Sai ga shi a lokacin kaka ɗan Gwaggo ya dawo hutu ya miƙo mini faifai a cikin leda yana washe baki. Na juya bayansa, ga shi nan ɓaro-ɓaro da harafin Turawa da namu: murya, Nastaran Dabiri. Ba zan yi maka ƙarya ba, da farko hawaye ne suka zubo mini, don ban taɓa ganin sunana a jikin wani abu da ba takardar jarrabawa ba. Amma kafin hawayen su bushe na tuna jakunkunan da suke kai muku shayi su ne suke dawo mana da kayanku, kuma abin da ya shigo garin nan a faifai ɗaya, kafin wata ya zama kaset ɗari a jakar mai yawo da waƙoƙi gida-gida.

Ka ce mini a waya wai hakkina ka ba ni. Wai a can ba wanda yake ɓoye sunansa, wai gidan rediyon jami'a ya sa waƙarmu ta uku tsakanin sababbin masu kiɗan rok na Ingila da wasu yara 'yan Kanada masu buga faifansu da kansu ba kamfani, wai mai gabatarwa ya yi ta fama da sunana har ya kira ni Nasturan, kana dariya. Ka ce ai ƙasar ma ta canja, ka ji shagunan Tehran sun cika da sababbin kaset-kaset masu lasisi, da jita da komai. Gaskiya ne sun cika, kullum ina wucewa ta gabansu, samari na layi. Ka je ka duba bangon kowanne in ka ga fuskar mace ita kaɗai, ko ka ji muryarta ba a binne ta ƙarƙashin maza uku ba, ka zo in ba ka goro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuwa ka bar ɗakin kana ba ni labarin rufinsa daga wata duniya.

Yanzu ka ji abin da hakkin naka ya jawo. A makarantar da nake koyar da lissafi ana binciken jakunkunan 'yan mata a bakin ƙofa, kamar yadda aka saba. Aka samu kaset a jakar wata ɗalibata, kwafin kwafi, da bangon da aka ɗauka a injin hoto har ya yi baƙi, amma sunan nan nawa ya fito tas kamar don shi aka yi injin. Ana tsakiyar darasi aka aiko kirana ofishin shugabar makaranta, Malama Afshari. Ka san ta a bakina, ita ce wadda nake ce maka ko ƙuda ba ya giftawa a gabanta ba izini. Na tarar da wani mutum daga ofishin ilimi zaune, da carbi a hannu, idonsa a kan takalminsa, ga kaset ɗin a tebur kusa da rediyo. Ya ce malama, wannan sunan naki ne? Na ce Alhaji, Dabiri ai sun cika littafin lambobin waya, Nastaran kuwa ko a ajina akwai biyu. Ya ce ya saurari kaset ɗin, don aiki kawai, kuma muryar ta yi kama da wadda yake ji yanzu. Malama Afshari ta ce ikon Allah, Alhaji, aikin nan naku akwai wahala, sau nawa ya sa ka saurara? Sai carbin ya ƙara sauri.

Can sai ya ce hanya ɗaya ce, in rera baiti ɗaya a gwada. Maganar na fita daga bakinsa ya gane abin da ya faɗa. Malama Afshari ta gyara tabarau ta ce to Alhaji, zama za ka yi mace ta yi maka waƙa a ofishina? Ba laifi, sai dai in rubuta a rahoto cewa kai ka nema. Mutumin nan ya miƙe kamar an tsikare shi, ya ce shi zai tsaya a waje, ita ta saurara ta gaya masa. Ya fita ya ja ƙofa, amma muna ganin inuwar ƙafafunsa ta ƙasan ƙofar.

Abin da ba ka sani ba shi ne matar nan ta san muryata. Bara a walimar sabuwar shekara ta malamai mata, an matsa mini na yi waƙa, tana zaune a gaba har tana share ido da bakin mayafi. Ta dube ni, na dube ta. Ta ɗaga murya yadda na waje zai ji ta ce bismillah, Malama Dabiri, mu ji. Ardalan, na buɗe bakin nan nawa na ɓata waƙar da na yi wata da watanni ina gyarawa, wadda na rubuta bayan rasuwar Baba. Na ja ta ta hanci, na hau inda ake sauka, na karya ta a tsakiya kamar mai tari. Ta bari na kai ƙarshen baitin, sannan ta kwashe da dariya ta buɗe ƙofa ta ce Alhaji shigo, wannan ko ƙyauren bayin makarantar nan ya fi ta zaƙin murya, a bar ta da lissafinta. Har shi ma sai da ya murmusa. Ina tsaye ana yi mini dariya, ni ma ina tayawa.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Da zai tafi, ya tsaya ya ce tun da haka ne ba zai yi mini wuya in rantse ba, kuma ba ya son in taɓa Littafi a kan maganar kiɗa, in rantse da ran mahaifiyata kawai. Ka san yadda muke jefa wannan rantsuwa a kasuwa a kan kuɗin tumatir ba ma ko ji a jikinmu. Ranar nan na ji nauyinta. Na ce na rantse da ran mahaifiyata ba muryata ba ce, ban san mai ita ba. Ya rubuta, na sa hannu, Malama Afshari ta sa nata a ƙasa a matsayin shaida. Bayan ya tafi ta rufe ƙofa, dariyar nan duk ta ɗauke, ta ce ke 'yar nan, na sa wuyana a igiya ɗaya da naki, saura mini shekara biyu in yi ritaya, daga yau ko a bayi kada in ji kina gunaguni, kuma ki gaya wa wannan ƙanen naki mara kai cewa in na gan shi sai na ja masa kunne har ya taɓa kafaɗa. Na isar da saƙo.

Da na dawo gida na kasa haɗa ido da Mama. Kwana biyu bayan nan mura ta kama ta, mura ce kawai irin ta kowace shekara, amma duk tarin da ta yi sai in ji kamar ni na jawo. Da na kasa daurewa na gaya mata komai. Ta ci gaba da tsince shinkafa, sannan ta ce ran ai nata ne, ta ba ni aro, in daina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa. Amma na ji ta da kunnena tana ce wa matar maƙwabci, wadda ta zo da gulmarta a cikin kwanon miya, wai Nastaran ɗinta ko tafi ba ta iya ba balle waƙa. Matar da take tsayar da baƙi a tsakar gida ta ce sai sun ji muryar 'yarta kafin su sha shayi, ita ka mayar haka. A makaranta kuma 'yan mata suna rera amshin waƙar nan ƙasa-ƙasa a baranda, suna kuskure a wuri guda kullum, ni ce kuma mai daka musu tsawa in ce su rufe mana baki.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba kuɗi nake nufi ba, na san ko na motar haya ba ka mayar ba. Tafin nake nufi, da hannun da ake ba ka a ƙananan wuraren da kuke wasa, ana ce maka yayarka jaruma ce. Jarumtar da ba a tambaye ni ba kafin a ɗora mini, ba na so. Albashin nan da kake rainawa shi ke sayen maganin gwiwar Mama, shi ya biya rabin tikitin da ya kai ka inda kake zaune kana koya mini 'yanci. Na san ba mugunta ka yi ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi, don da mugunta ce da na san yadda zan yi da kai. Garin neman gira ka kusa tsone mini ido, kana jiran in ce na gode.

Ga abin da ya sa na zauna rubutun nan, ka buɗe kunnenka. Ka ce akwai ɗan jarida a can da yake son ya rubuta labarin muryar da aka ɓoye a Tehran, har ka yi masa alkawarin hotona. In labarin nan ya fito, takardar da muka sa wa hannu ta zama ƙarya a rubuce, ni da Malama Afshari mun tafi tare, Siyamak da jaririyarsa ma ba su tsira ba. Kada ka ba shi hoto, kada ka ba shi ko sunan unguwarmu. Faya-fayan da suka rage a hannunka ka bi su da baƙin alƙalami ɗaya bayan ɗaya ka shafe sunana, duk da na san magana zarar bunu ce. Sababbin waƙoƙin da ka ce in ɗauka in ba Gwaggo ta kawo maka kuma, babu su. Na kwance kwalayen ƙwan na ba mai shara, Siyamak ya zo ya kwashe gangunansa. In ɗan jaridar ya matsa ya ce wace ce mai waƙar, ka faɗa masa abin da na faɗa, ka ce ba ka san ta ba. Naka ma mai sauƙi ne, kai ba wanda zai sa ka rantse da ran Mama.

Ka gaishe mini da Kawu Hushang da Anti Parwin, ka yi musu godiyar ɗawainiyar da suke yi da kai, da 'ya'yansu Kiyan da Taranum. Mama tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa hula, kuma kada ka bar kwalbar rumman a buɗe. Siyamak ya ce yana gaisuwa, sauran maganar sai kun haɗu. Ina fushi da kai, amma ina yi maka addu'a kowace safiya kamar yadda na saba. Allah ya tsare ka, ya ƙara maka hankali.

Yayarka,
Nastaran, malamar lissafi.