Bayan Sama Kuma Sai Me, Wahda?

Zuwa ga Wahda, matata, hasken idona, ƙamshin kanumfarin da aka shanya da hantsi, ruwan kwakwata a ranar ƙishi, sanyin iskar teku bayan la'asar, uwar 'ya'yana, wadda sunanta ke riga nawa zuwa bakina.

Ina miki sallama. Ina rubuto miki ne daga ajin makarantar da aka zube mu a gaɓar babban tsibirin Halmahera, a kan bencin yara, gwiwoyina sun tokare teburi. Ta taga ina hango tsibirinmu, ko in ce ina hango inda ya kamata a gan shi, domin tun safe hayaƙin dutsenmu mai aman wuta ya haɗiye shi har bakin ruwa. Ko azahar ba a kira ba, amma kajin mutanen garin nan sun hau wurin kwanansu. Toka na sauka a kan takardar nan, ina hurewa, tana dawowa. Kuma kina cikin wancan duhun, Wahda! Ke kaɗai, ke da awakin da aka bari, da kabarin 'yarmu. Wace irin zuciya ce za ta san haka ta ci gaba da bugawa daidai?

Kin tuna ranar da kika fara jefa ni cikin wannan tambaya da yau take neman raba ni da ke? Lokacin ɗibar kanumfari ne. Kin dawo daga karatu a birnin Ternate, an ba ki koyar da kimiyya a makarantar ƙauyenmu. Ina shanya a bakin gaɓa, kika zo kika tsaya a kaina da farin ɗankwali, kamar balbelar da ta sauka a kan baƙin yashi.

Kika ce, “Sahdan, ina tekun nan ya ƙare?”

Na ce, “A Halmahera mana, ga ta can.”

“Bayanta fa?”

“Wani tekun, sai Papua.”

“To na ji. Sama fa? Bayan sama kuma sai me?”

Na ce, “Bayan sama sai katangar babanki. Nan ne dai na san ba a wucewa.”

Kika yi dariya har kika tattaka min shanya, ni kuwa da za ki tattake gonar duka a ranar, da na gode miki. Sai kika ɗauki wata busasshiyar kwakwa, kika ɗora tururuwa a kanta. Kika ce in duba: za ta yi ta tafiya har ta mutu ba ta ci karo da bango ba, alhali kwakwar ba ta fi tafin hannu biyu ba. Kika ce wataƙila haka sararin samaniya yake, a naɗe, ba shi da baki amma yana da iyaka. Ko kuwa a shimfiɗe yake, taurari bayan taurari, garke bayan garke, babu ƙarshe sam.

“Idan kuwa babu ƙarshe,” in ji ki, “to duk abin da zai iya faruwa ya faru a wani wuri, ya kuma sake faruwa. Akwai wani tsibiri irin wannan, da wani Sahdan yana shanya kanumfari.”

Na ce, “Shi ma da irin wannan hancin?”

Kika ce, “Shi ma, Allah sarki.”

Na tambaye ki wanne ne gaskiya a cikin biyun. Kika ɗaga kafaɗa, idonki na ƙyalli kamar ruwa a cikin murjani, kika ce, “Ba wanda ya sani. Manyan na'urorin hangen nesa ma iya inda haske ya iso mu suke gani, kamar yadda kake ganin teku iya inda ya haɗu da sama. Ai daɗin abin ke nan.”

Daɗin abin ke nan! Wannan kalma na aura, Wahda. Na auri macen da rashin sani ke sa ta murmushi. Ko Hajji Kader, limaminmu, bai iya fushi da ke. Kin tuna da ya tare ki a ƙofar masallaci ya ce, “Malama, bayan sammai bakwai sai Kursiyyu da Al'arshi, ki bar yaran mutane su yi barci.” Kika rusuna kika ce, “Baba Liman, ni ƙarƙashin ta farko ma ban gama leƙawa ba.” Ya tafi yana girgiza kai yana dariya, washegari ya aiko jikarsa ajinki.

Sai daminar bara ta zo, zazzaɓi ya ɗauke mana Nurain, babbar 'yarmu, wadda ko haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba bayan famfara. Na yi kuka kamar mace, mata suka yi kuka kamar ruwan sama, ke kuwa ko ɗigo. Kika bushe kamar reshen da aka sare aka manta a rana. Wata la'asar na same ki zaune a gefen kabarin, a tudun bayan makaranta, kika ɗago kika ce da wata murya da ban san ki da ita ba, “Babu iyaka, Sahdan. Na tabbata.” Na ce yaushe aka gano? Kika ce, “A wani wuri zazzaɓin ya sauka. Tana can yanzu tana cin soyayyar ayaba, tana ɓata rigar makaranta.”

A daren ranar kika ci abinci, karo na farko tun rasuwar. Na yi hamdala. Na ce ko da me za ki riƙe, ki riƙe, in dai zai tsayar min da ke a ƙasa. Amma tun daga ranar ban ƙara jin kin ce ba a sani ba. Tambayar da take taga a gare ki, kike leƙawa kina dariya, ta zama ƙofa, kika tsaya a bakinta kina kallon waje, bayanki a juye gare mu.

Sannan dutsen ya farka. Rijiyoyi suka fara warin ruɓaɓɓen ƙwai, kwanuka suka riƙa kaɗawa su kaɗai a kan kanta, jemagu suka tashi da rana tsaka suka bar tsibirin a jere kamar baƙin zane. Sojoji suka zo da babban jirgi, suka ce kowa ya fita. Kin haɗa kaya da hannunki, kin kulle gida, kin goyo Ulfa, ƙaramarmu, har cikin jirgin. Ana gab da janye katakon hawa kika kwance ta, kika ɗora min ita a ƙirji, kika gyara mata hula. Kika ce, a hankali, kamar mai aike kasuwa:

“Akwai Wahda dubu da suka shiga jirgin nan, Sahdan. Bari wannan ɗayar ta zauna da Nurain.”

Kafin maganar ta isa kwanyata kin sauka. Mutane sun danne ni ta ko'ina, yarinya a hannuna tana tsala ihu, injin ya tashi. Na kira sunanki har maƙogwarona ya tsage. Ina ganin farin ɗankwalinki yana hawa tudu, yana ƙanƙancewa, har toka ta rufe shi. Wayyo Wahda! Da wuƙa kika sa kika buɗe ƙirjina kika ɗauki abin da ke ciki, da ya fi min sauƙi, domin da na san inda ciwon yake.

Jiya Om Taher, wato Kawu Taher, mai kwalekwale ya saci hanya ya koma kwaso awakinsa, ya dawo fuskarsa fari fat da toka, kamar wanda aka tono. Na riƙe shi tun bai ɗaure igiya ba. Ya ce macizai sun sauko daga dawa sun jeru a bakin ruwa, ba sa ko gudun mutum. Ya ce ƙoramar da muke wanki a cikinta tana tururi. Ya ce itatuwan kanumfarinmu sun sunkuya da nauyin toka, rassa na karyewa ɗaya bayan ɗaya kamar ana harbi. Ya ce ya same ki da tsintsiya kina share kabarin, kina kaiwa ƙarshe farkon ya sake rufewa, ki koma ki faro.

Ya ce miki, “Malama, don girman Allah ki zo mu tafi, dutsen nan ba ya wasa.”

Kika ce, “Om, sun ci abinci?”

Sun ci abinci! Wahda, tun jiya nake juya wannan tambaya a bakina kamar mai tsotson zuma. Wadda ta gama da duniya ba ta tambayar ko an ci abinci. Har yanzu akwai igiya tsakaninmu, ko da ta kai siririn zaren gizo, kuma da ita nake jawo ki.

To ga amsa. Ni na ci, don dole. Ulfa ba ta ci ba. An ba ta kunun sago, garin bishiyar nan da muka saba ci, da romon kifi, ta kawar da kai, ta ce ba haka Mama ke yi ba. Matan sansanin nan sun yi ta lallashi, wannan ta ɗauka, waccan ta goya, ita kuwa sai ta leƙa fuskar kowace, ta ture ta. Takan je bakin ƙofar aji ta tsaya da takalminki na roba guda ɗaya da ya faɗo cikin kayanmu, ta rungume shi kamar 'yar tsana.

Ya sanyin idona, ni ban yi karatunki ba, kuma ba zan yi miki gardama a kan sama ba. Wataƙila gaskiyarki ne. Wataƙila babu bango, babu baki, babu ƙarshe, sai duniyoyi a zube kamar yashin gaɓa, kowace da tsibirinta, da dutsenta, da Nurain ɗinta mai rai. Idan haka ne, Allah ya raya su, ina musu murna da dukan zuciyata. Amma ki gaya min, a cikin Wahda dubun nan da suka shiga jirgi, wacce ce za ta zo ta ba wa Ulfa kunu? Wacce za ta ƙetaro duk wannan duhu, da nisan da ke da bakinki kika ce haske ma ya gaza ratsa shi, ta zo ta kwance mata kitso? Kowace tana can da tata 'yar. Tamu kuwa, uwa guda ɗaya aka ba ta. Ni ma Wahda guda ɗaya aka ba ni, mai tabon ƙunar mai a wuyan hannu, mai atishawa sau uku in ta shiga rumbun kanumfari, mai taka shanyar mutane tana dariya. Ba na son wata! Ko an jera min su daga nan har inda taurari suka ƙare, ko har inda ba su ƙare ba, zan bi layin ina duba wuyan hannu.

Kuma Nurain, Wahda. Kina tsammani ni ban bar rabin raina a tudun nan ba? Ni na sa ta a ramin da hannuna. Amma ba ta jin tsoron dutse yanzu, ba ta jin zafin toka. Tana wurin Wanda ya san abin da ke bayan sama, ko da iyaka ko babu. Wadda ke jin tsoro tana nan gefena, ta yi barci a kan buhun shinkafa, bakinta a buɗe.

Dole in gaya miki abu mafi nauyi. Ba zan zo ba. Yau da safe na sa ƙafa ɗaya a kwalekwalen Om Taher, sai na ji an riƙe zanena ta baya. Ulfa ce. Ba ta yi kuka ba, riƙewa kawai ta yi, da hannu biyu. Na dawo da ƙafata. Na rantse da Wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, da ni kaɗai ne, da tuni ina zaune kusa da ke, ke da tsintsiya ni da tsintsiya, har dutsen ya yi abin da zai yi. Amma ba zan mayar da ita marainiya gaba da baya a rana guda ba. Ki yafe min, ko kada ki yafe, amma ki zo ki faɗa min a fuskata.

Om Taher zai kawo miki takardar nan, kuma wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe, domin sojoji sun ce daga gobe ko kifi ba zai ƙetara ba. Ya ce zai kashe inji a bakin gaɓa, ya kunna taba kara ɗaya, in ta cinye zai juya. Na kama gwiwarsa na roƙe shi ya sha biyu. Ya zage ni, ya ce so nake matarsa ta yi takaba, sannan ya sa hannu ya karɓi ta biyun.

Ki sauko, farin tsuntsuna. Ki sauko, ruwan farkon damina. Kada ki ɗauki komai, kada ki kulle komai, ki ajiye tsintsiyar, ki yi wa 'yarmu sallama, ki gangaro. In kin zo ki yi kukan da kika hana kanki, a kafaɗata, shekara guda in kin so, ba zan motsa ba. In kuma kika ƙi, ki sani babu macen da za ta zauna a tabarmarki har a naɗe ni a likkafani, kuma kowace safiya idona na kan ruwan nan.

Naki shi kaɗai, a wannan duniyar da muke ciki, da wadda za a tashe mu,

Sahdan

Ina naɗe takardar nan tagogin ajin suka girgiza, alli ya gangaro daga allo. Ulfa ta farka ta ce, “Baba, tsawa ce?” Na ce mata e, tsawa ce. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta juya ta kalli taga. Ki zo, Wahda. In ta sake tambaya, ban san abin da zan ce mata ba.