Ƙodar da Mijina Ya Bar wa Ƙanwarsa

Hajiya, don Allah ki taimake ni, zuciyata tana neman ta fi ƙarfina.

Ranar addu'ar kwana takwas da rasuwar mijina na gane abin da ya faru. Ina zaune a ɗaki cikin mata, taga a buɗe, sai na ji kawunsa, wanda shi ne babban gida, yana ce wa malamai: "Ku yi masa addu'a da kyau. An miƙa masa ƙoda ya ce a ba ƙanwarsa. Irinsa ba su da yawa a Iseyin." Malamai suka ɗauki kabbara. Na dubi matan da ke ɗakin, kowa ta sunkuyar da kai. Ashe duk sun sani, sai ni.

Mijina, Baban Sakirat, masaƙi ne. Ciwon ƙoda a jininsu yake, shi ya ɗauke mahaifiyarsu. Mun daɗe muna zirga-zirga zuwa Ibadan wankin ƙoda, sai ciwon ya kama ƙanwarsa Monsurat. An taɓa kwantar da su gado kusa da gado, yana tsokanarta: "Ke komai na yi sai kin kwaikwaya? Har ciwo?" Ita kuma ta ce, "Ai kai ne babba, Yaya, duk inda ka sa ƙafa nan muke sawa." Har ni na yi dariya ranar.

Likita ya ce wankin ba zai riƙe su har abada ba, sai dashe. Ni na fara miƙa hannu, aka ce ina da hawan jini, ba za a taɓa ni ba. Aka gwada dangi, ƙaninsu Jelili kaɗai aka samu lafiyayye, kuma ya dace da su duka biyun. Ga shi ɗaya kawai zai iya bayarwa.

Aka kira taron dangi. Mu matan gida ba ma shiga, namu girki ne. Ni na tuƙa amala, na kai musu har ciki, na durƙusa na gaishe su na fito, ban san rayuwar mijina ake rabawa ba. Da ya dawo ya ce, "Uwar Sakirat, likitoci sun ce ta fi dacewa da Monsurat. Tamu na nan tafe, ki daina wannan fuskar." Na yarda. Me zai sa ba zan yarda ba?

Yanzu na fita takaba. Monsurat ta yi kumatu, ta koma shagonta, tana shan ruwa son ranta. Mijina kuwa kafin ya rasu da murfin kwalba nake auna masa ruwa, yana roƙona in ƙara ina hanawa. Idan na ji dariyarta daga nesa sai ƙirjina ya yi zafi. Ban taɓa kiran sunanta a gabanta ba, Anti nake ce mata bisa al'adarmu ko da yake na girme ta, kuma wallahi a da ina sonta. Amma mijina ni na yi ta wanke shi, ni na yi ta goya shi zuwa mota. Da aka ce ya zaɓa, ita ya zaɓa. Bai tuna da ni ba, bai tuna da 'ya'yansa uku ba. Ko shawara bai yi da ni ba.

Za ta yi walimar godiya ga Allah, ta aiko min da anko. Ni ce babba a matan gida, ni ake jira in shugabanci girki. Ta zo wurina na sa aka ce mata ina barci. Sakirat ta fara tambayata me Anti ta yi mana. Ankon yana nan a ledarsa ban kai wa tela ba, kuma har yau ban ce mata barka da samun lafiya ba.

Wadda aka bari a ƙofa, Iseyin

AMSA

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Baban Sakirat, ya ba ki haƙuri.

Kina da gaskiya a wuri ɗaya: an ɓoye miki abin da ya shafe ki fiye da kowa, kuma kin ji shi ta taga. Wannan ba daidai ba ne, ko al'ada ta yarda da shi. Ki yi kukanki, kada kunyar wannan kishin ta dame ki.

Amma ki duba wanda kike fushi da shi. Monsurat ba ta ƙwace komai ba. Ƙodar ta Jelili ce, maganar kuma ta mijinki ce. Shi kike jin haushi, ba ya nan, sai haushin ya sauka kan wadda take nan. Ban ga alamar ya fi sonta ba. Na ga mutumin da ya san in ya gaya miki za ki yi kuka, kukanki kuma zai karya masa niyya.

Kuma ba ki san komai ba tukuna. Dangi ba su kaɗai suke yanke wannan hukunci ba, likitoci sukan duba wanda jikinsa zai ɗauki aikin. Ki kira Jelili ku zauna ku biyu, ya gaya miki abin da likita ya faɗa da abin da yayansa ya faɗa. Haƙƙinki ne ki ji.

Kumatun da kike gani ma ba shi ne duka labarin ba. Wanda aka yi wa dashe magani yake sha kullum har ƙarshen ransa, yana fargabar kada jikinsa ya ƙi ƙodar. Ita ga ƙarin nauyi: ta san wanda ya rasu ya bar mata. Ina zaton shi ya kawo ta ƙofarki.

Girkin walima ba dole ba ne. Ki sanar da kawu da wuri a ba wata. Amma kafin ranar ki buɗe wa Monsurat ƙofa, ko da gaisuwa kawai za ki iya. Tun da ciwon yana bin dangi, ki kai 'ya'yanki likita ya duba su, kuma kada ki raba su da gidan ubansu. Wata rana su ma za su iya buƙatar waɗannan mutanen.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya raya miki yaran cikin ƙoshin lafiya.